Mazaunin Ƙauye da Yawan Jama'arsa: Misali daga Ɓatagarawa

Shirin faɗakarwa na yau zai tsaya ne a kan tambayoyi biyu da ake yi game da kowane ƙaramin ƙauye, waɗanda suke da sauƙin furtawa amma amsarsu take da wuyar kamawa, wato inda ƙauyen yake da kuma yawan mutanen da ke zaune a cikinsa. Domin kada bayani ya tafi a iska, za a kafa misali da Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, saboda tana cikin 'yan tsirarun ƙauyukan ƙasar Hausa da aka taɓa bi gida-gida aka ƙirga mutanensu, aka auna gonakinsu, aka kuma rubuta sakamakon tun tana ƙaramar alƙarya. Abin da shirin ke son tabbatarwa shi ne, adadin da aka jingina wa ƙauye ba ya da amfani sai an san iyakar da aka shata kafin a soma ƙirga, da lokacin shekarar da aka yi ƙirgar, da kuma dalilin da ya sa aka yi ta.

Mutumin karkara idan aka tambaye shi hanyar garinsu, kwatance yake yi, wato ya ambaci babban garin da ke kusa, da tashar da ake shiga mota, da ranar kasuwar da motoci suka fi samuwa, sannan ya ce idan an wuce gada a sauka a gindin kuka, a bi burtali a miƙe gabas. Irin wannan kwatance ya ishi baƙo da ɗan acaɓa, sai dai yakan lalace ranar da aka sare kukar ko ruwa ya cinye gadar. Hukuma kuwa ta matakan mulki take gane ƙauye, domin kowace unguwa tana hannun mai unguwa, masu unguwanni suna ƙarƙashin dagaci, wanda a ƙasar Katsina aka fi kira magaji, dagatai suna ƙarƙashin hakimi, hakimai kuma suna ƙarƙashin sarki, yayin da a ɓangaren gwamnati ake bi ta mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha. Masu zanen taswira su kuma da lambobi suke aiki: sun raba doron ƙasa da layuka na kwance da na tsaye, suna auna nisan kowane wuri da ma'aunin da ake kira digiri, arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, da kuma gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic ta Ingila. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kai kimanin kilomita 111, shi ya sa ake ƙara gutsuttsura shi kafin a iya nuna ƙaramin wuri, kuma a yau kusan kowace babbar wayar hannu tana iya fitar da waɗannan lambobi ga wanda ya tsaya da ita a ƙofar gidan mai unguwa.

Idan aka bi waɗannan hanyoyi, Ɓatagarawa tana kudu da birnin Katsina da kimanin kilomita 10, a kan hanyar da ta nufi Dutsin-ma, ƙasa kaɗan da digiri 13 arewa, sama kaɗan da digiri 7 da rabi gabas, a yankin da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, kuma gero da dawa da wake da gyaɗa su ne ƙashin bayan noma.

Tambayar da ta fi wannan zurfi ita ce, me ya sa ƙauye ya zauna a inda ya zauna? Ruwa ne kan gaba, domin a ƙasar da rani ke cin wata bakwai zuwa takwas babu mai kafa gida sai ya tabbatar zai samu ruwan sha a watan da zafi ya fi tsanani, ko daga rijiyar da ba ta ƙafewa, ko daga gulbin da ake tona yashinsa idan ya janye. Bayan ruwa sai ƙasar noma, kuma a nan magabata sun nuna kan gado matuƙa, domin sukan zaɓi tudu su yi gini don kada ambaliya ta ci ɗakunansu, amma tudun da ke tsakanin jigawa da fadama. Jigawa ita ce ƙasa mai rairayi da ke da sauƙin huɗa da fartanya, wadda gero da gyaɗa ke so, fadama kuwa ita ce kwari mai laka da ke riƙe damshi bayan ɗaukewar ruwa, inda ake samun rake da albasa da tumatir da shinkafa. Ƙauyen da ya haɗa biyun yana da abin dogaro ko da shekara ta zo da fari, kuma shi ne yake saurin cika da baƙi. Sunayen wurare da dama shaida ne a kan wannan zaɓi, kamar Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo na Kano, waɗanda birni ya riga ya haɗiye, da garuruwa masu yawa da ke amsa sunan Tudun Wada ko Rimi ko Tsamiya.

Sai dai a ƙarni na 19 akwai abin da yakan rinjayi ruwa da gona, shi ne tsaro. Bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Katsina a wajen 1807, zuriyarsu kuma ta kafa sabon mazauni a Maraɗi, ƙasar da ke tsakanin garuruwan biyu ta shafe shekaru masu yawa cikin hare-hare, musamman a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗanbaskore, kamar yadda kudu maso gabashin Kano ta sha fama da mayaƙan Ningi. A irin wannan hali zama shi kaɗai a tsakiyar gona sayar da rai ne, don haka jama'a suka dunƙule a cikin garuruwa masu ganuwa, ko masu kafi, wato shingen itace da ƙaya da ake zagaye gari da shi, wanda har yau sunansa yana nan a Kafin Hausa da Kafin Madaki. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, hare-haren suka lafa, sai mutane suka riƙa fita daga bayan ganuwa suna kafa gidaje kusa da gonakinsu, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, sai neman sabuwar gona ya ƙaru, aka sare dazuzzukan da a da ake tsoron shiga. Daga baya kwalta ta zo da nata jan hankali, har aka samu garuruwan da babu abin da ya kafa su sai tsayawar mota, irin su Kwanar Ɗangora da Mararrabar Jos. Ba abin mamaki ba ne a tarar da ƙauye ya rabu biyu, tsohon gari yana can ciki inda rijiyar kakanni da maƙabarta suke, sabon gari kuma yana bakin titi inda shaguna da masu faci suke, alhali suna ɗaya suke amsawa.

Daga nan matsalar ƙirga take farawa, domin kafin a ce mutum nawa ne a ƙauye, sai an yanke shawarar inda ƙauyen ya ƙare. Bahaushe yana bambanta birni, wato babban gari mai ganuwa da fadar sarki, da gari, wato matsugunin da gidajensa ke haɗe da juna da masallacin Juma'a ko kasuwa, da unguwa, wadda kan iya zama sashen gari ko kuma 'yan gidaje da ke can gefe, da tunga, wadda manoma ko masunta kan kafa da niyyar zaman wucin gadi, da ruga, wato mazaunin Fulani makiyaya. Hukumomin Nijeriya sun saba ɗaukar matsugunin da ya kai mutum 20,000 a matsayin birni, abin da bai kai haka ba kuma karkara, amma wannan ma'auni bai faɗi ko rugar da ke bayan gari da tungar da ke bakin fadama suna cikin lissafin ƙauye ko ba sa ciki ba. Sunan Ɓatagarawa kansa misali ne na wannan ruɗani, domin yana nufin garin, yana kuma nufin ƙaramar hukumar da garin ke zaman hedikwatarta, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar fiye da mutum 180,000, kuma wanda ya ɗauki wannan adadi ya liƙa wa garin, kamar yadda ake yawan gani a rubuce-rubucen intanet, ya mayar da alƙarya babban birni da alƙalami kawai.

Ƙirgar da ta sa Ɓatagarawa ta shahara a wurin masana ta faru ne a 1967, lokacin da Polly Hill, wata Baturiyar Ingila masaniyar tattalin arzikin karkara wadda ta riga ta yi suna da bincikenta a kan manoman koko na Gana, ta zauna a garin na tsawon watanni, ta kuma fitar da littafi a kansa a 1972. A lokacin garin shi ne mazaunin hakimin gundumar Mallamawa. Ta samu kusan mutum 1,400 a cikin gari da gidajen da ke warwatse a gefensa, amma abin lura shi ne ba ta tsaya a kan kawuna ba, kuma ba ta ɗauki gida a matsayin ma'auni ba, domin gidan Bahaushe katanga ɗaya ce da zaure ɗaya, amma a ciki ana iya samun sassa uku ko huɗu, kowane da rumbunsa da tukunyarsa. Ma'aunin da ta yi aiki da shi shi ne rukunin masu noma tare, wato magidanci shi kaɗai da iyalinsa, ko kuma gandu, tsarin da uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suke noma babbar gona tare a ci daga rumbu ɗaya, a kuma bar wa kowane ɗa 'yar gayauna, wato gonar kansa da yake nomawa a lokacin da ba na aikin gandu ba. Irin waɗannan rukunai ta samu 171, wanda ke nuna kimanin mutum takwas a kowane ɗaya.

Amfanin wannan ma'auni ya fito ne da ta jera rukunan bisa ƙarfinsu na ciyar da kansu. Guda 17 da suka fi wadata suna da kusan eka 20 kowane a matsakaici a cikin gonakin karkara, wato gonakin da ke zagaye da gari waɗanda ake kai wa taki a kan jaki ana nomawa kowace shekara ba hutu, yayin da guda 41 da suka fi talauci ba su kai eka 3 ba kowane a matsakaici, kuma da yawansu hatsinsu kan ƙare tun kafin shuka, sai su koma ƙwadago a gonakin masu hali a daidai lokacin da nasu gonakin ke buƙatar noma. Wannan ya rushe zaton da ake yi a lokacin cewa mutanen ƙauye duk ɗaya ne a talauci, ya kuma nuna cewa jimillar mutum 1,400 ita kaɗai ba ta gaya wa mai rabon taki ko mai rabon tallafi komai a kan wanda zai kwana da yunwa a watan Agusta.

Wannan masaniya ta sake yin irin aikin a farkon shekarun 1970 a Ɗorayi, bayan ganuwar Kano ta kudu maso yamma, inda ta tarar da wani tsari dabam. A can babu dunƙulallen gari, gidaje ne a warwatse cikin gonaki, ƙasa ta yi ƙaranci har ba a samun filin da ɗa zai fita ya gina nasa, sai wasu gidajen suka kumbura suka zama manya ƙwarai, magidanta da yawa a bayan zaure ɗaya. Wanda ya ƙirga gidajen Ɗorayi ya ninka da adadin mutanen gida ɗaya na Ɓatagarawa zai yi kuskure babba. A yau gonakin Ɗorayi sun zama unguwannin birnin Kano, ita ma Ɓatagarawa birnin Katsina yana ta matsowa gare ta ta hanyar Dutsin-ma, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, ta yadda kusanci da birni, wanda a da ya ba manoman wuraren biyu kasuwa da taki, shi ne kuma yake cinye gonakin.

Ko da an daidaita a kan iyaka da ma'auni, saura lokaci. Ƙauyen ƙasar Hausa yana cika yana ragewa a cikin shekara ɗaya, domin da zarar an gama girbi an kai amfani rumbu, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani, wato neman kuɗi a birane har zuwa faɗuwar ruwa, wasu Kano ko Kaduna ko Abuja, wasu Legas ko Fatakwal, na Nijar kuma har Agadas da Aljeriya da Libiya. Malaman allo sukan tashi da almajiransu, makiyaya sukan gangara kudu neman ciyawa da ruwa, rani kuma shi ne lokacin bukukuwan aure, wanda ke ɗauke 'yan mata daga wani ƙauye ya kai su wani. Masu ƙidaya suna da tsari biyu a kan haka: ko a rubuta mutum a inda aka same shi a ranar ƙirga, ko a rubuta shi a inda ya saba zama ko da ba ya nan. Nijeriya tsarin farko take bi, kuma ƙidayar 2006 a watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani, yayin da ta 1991 aka yi ta a ƙarshen Nuwamba, ana cikin kaka. Duk da cewa mutane da yawa sukan koma gida don a ƙirga su a can, kwatanta adadin ƙauye ɗaya a ƙidayoyin da aka yi a lokuta mabambanta na shekara yana buƙatar taka-tsantsan.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin zaure, wanda babu takardar hukuma da ke nuna shi. Malamin ƙidaya namiji ba ya wuce zaure a gidan da ake kulle, sai ya zauna a kan tabarma maigida ya riƙa lissafo masa mutanen gidan da ka. Maigida zai fara da kansa da matansa, ya bi 'ya'ya ɗaki-ɗaki, amma yana iya tsallake ɗan fari saboda kunyar ambaton sunansa, ya bar jaririn da ba a yi suna ba tukuna, ya manta da 'yar riƙon da aka kawo daga wani gari, da ƙanwarsa bazawara da ta dawo gida watan jiya, da almajirai biyun da ke kwana a zauren da ake zaune a ciki, domin a ganinsa waɗannan ba iyalinsa ba ne ko da tukunyarsa suke ci. Wasu kuma suna ƙyamar faɗin yawan 'ya'yansu gaba ɗaya don tsoron baki. Idan aka zo maganar shekaru, sai a koma ga abubuwan tarihi, a ce an haife shi shekarar da aka canza kuɗi ko shekarar babban fari, shi ya sa ake samun tarin mutane a kan shekara 30 da 40 da 50, kaɗan kuma a kan 29 ko 41. Waɗannan kurakurai ba ƙarya ba ce da gangan, maganinsu kuwa sananne ne, wato a haɗa malamin ƙidaya da mace 'yar yankin da za ta shiga ciki ta ga kowa da idonta.

Ƙarya da gangan ita ma tana da tarihinta, kuma ta taɓa juyawa daga wannan gefe zuwa wancan. A zamanin Turawa da na En'e, wato hukumar gargajiya, ƙirgar mutanen ƙauye ta haraji ce, ta shanu kuma ta jangali, kuma alƙaluman da aka fitar wa Arewa a 1911 da 1921 da 1931 mafi yawansu daga takardun haraji aka tsamo su. Wanda ya san rubuta sunansa na nufin biyan kuɗi ba zai yi ɗokin a rubuta shi ba, saboda haka ɓoye samari da kora shanu daji suka zama ruwan dare. Bayan samun mulkin kai sai lissafi ya juya, yawan jama'a ya zama ma'aunin kujerun majalisa da rabon arzikin ƙasa da ƙirƙiro ƙananan hukumomi, kowane yanki ya koma son a ce ya fi yawa. An soke ƙidayar 1962, an karɓi ta 1963 mai mutum miliyan 55.7 cikin jayayya, an soke ta 1973, sannan ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, ta 2006 kuma miliyan 140.4. Ko da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, suka soke haraji da jangali a 1979, tsoron mai littafi da biro bai fita daga zukatan dattawan karkara nan take ba. A ra'ayin wannan shiri, duk adadin da aka ce na wani ƙauye ne, ya kamata a fara tambayar wanda ya tattara shi da abin da mutanen ƙauyen suka zaci zai biyo baya, ko biya ko samu.

Wani abin da masu sauraro da yawa ba su sani ba shi ne, sakamakon ƙidayar 2006 da aka buga ya tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, bai sauko kan garuruwa da ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba, saɓanin na 1991, kuma ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ma'anar haka ita ce, mafi yawan alƙaluman da ake ambata wa ƙauyukan Nijeriya a yau ƙiyasi ne, wato an ɗauki tsohon adadi an yi masa ƙari na kashi kaza cikin ɗari a kowace shekara. Lissafin ba shi da wuya: ƙauyen da ke da mutum 1,000, idan yana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, zai kai kimanin 1,340 bayan shekara 10, ya kuma ninka kansa cikin shekara 23 zuwa 24. Raunin ƙiyasi shi ne yana ɗauka kowane ƙauye tafiya ɗaya yake yi da sauran ƙasa, alhali wanda kwalta ta ratsa yana iya ninkawa cikin shekara goma, wanda rijiyarsa ta ƙafe kuma yana iya komawa kufai, wato wurin da aka tashi aka bari. A wannan fanni Jamhuriyar Nijar ta yi abin koyi, domin bayan ƙidayarta ta Disambar 2012, wadda ta ba da mutum miliyan 17.1, hukumar ƙididdigar ƙasar ta fitar da kundin matsugunai da ake kira RENALOC, inda mai bincike zai tarar da sunan ƙauye ko ruga a jihar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, da yawan mazansa da matansa da iyalansa, da lambobin da ke nuna wurinsa a taswira.

Dalilin damuwa da waɗannan alƙaluma shi ne da su ake yanka wa ƙauye rabonsa. A Nijar ma'aunin da ma'aikatan ruwa ke bi shi ne rijiyar zamani ɗaya ko famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ga mutum 250, ke nan ƙauye mai mutum 1,400 yana buƙatar biyar zuwa shida, kuma idan an rubuta shi da 700 uku zai samu, sauran kuma layin jarkoki ne da rigimar mata a bakin famfo. Ma'aikatan lafiya a Nijeriya sukan ɗauka kashi 20 cikin 100 na jama'a yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 4 kuma jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, don haka a ƙauye irin wannan za su shirya wa yara 280 ɗigon rigakafi, jarirai 56 kuma allurai, kuma duk kuskuren da ke cikin jimilla kai tsaye yake sauka a kan yawan maganin da za a sako a akwatin sanyi.

Yaƙi da cutar shan inna ne ya tilasta gyara mafi girma da aka taɓa yi wa taswirar karkarar Arewa. Da aka lura cutar tana ɓuya a wuraren da masu rigakafi ba sa kaiwa, sai daga wajen 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam ana gano kowane rukunin rufin ɗaki, ana aika mutane su tambayo sunansa, ana kuma ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Ta haka aka gano tungaye da rugage masu yawa da ba sa cikin taswirar da ake zanawa da hannu, musamman waɗanda ke kan iyakar mazaɓu biyu, inda kowane ɓangare ke zaton na ɗayan ne. Rubutun alli da ake gani a jikin ƙofofi da katangun ƙauye, mai nuna ranar da aka zo da yawan yaran da aka samu, wata ƙaramar ƙidaya ce da ake maimaitawa sau da yawa a shekara, kuma tana cikin abubuwan da suka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020. Hoton sama dai rufi yake ƙirgawa, ba ya bambanta ɗakin kwana da rumbu ko turken awaki sai an sauka an duba, ba ya kuma nuna ko akwai mai kwana a ciki.

Wannan batu na ƙarshe ya yi nauyi a 'yan shekarun nan, domin ƙauye yana iya tashi ɗungurungum. A da manyan ayyuka ne ke tayar da shi, kamar madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, wadda ta sa aka sake wa fiye da mutum 40,000 matsuguni, har tsohuwar Busa ta nutse aka gina sabuwa, kuma a irin wannan tashi akan rubuta mutane kafin a kwashe su. Tashin da hare-haren 'yan bindiga ke jawowa a sassan Zamfara da Sakkwato da yammacin Katsina ba ya jiran mai rubutu: jama'a sukan watse cikin dare, wasu su cika gidajen 'yan'uwa da azuzuwan makarantu a hedikwatar ƙaramar hukuma, wasu su riƙa kwana a gari suna komawa gona da rana, dubbai kuma tun daga 2019 suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Sunan ƙauyen yana nan a jerin rumfunan zaɓe, ƙiyasi kuma yana ci gaba da yi masa ƙarin kashi uku a kowace shekara, alhali garin da ya karɓi mutanen yana shayar da ninkin jama'arsa da famfunan da aka haƙa bisa tsohon adadinsa, waɗanda suka tsallaka kuwa an rubuta su a rajistar masu ba da agaji a Nijar ba tare da an cire su daga lissafin Nijeriya ba.